Gwangwani Ɗaya, Daɓe Uku: Abin da Jan Folish Ya Yi a Wani Gida a Birnin Zariya

Gidan da zan yi magana a kai gidan kakanninmu ne, a cikin ganuwar birnin Zariya, irin gidajen nan da kowane zamani ya bar sawunsa a ciki. Ɗakin Kaka da ke can ƙurya ginin ƙasa ne, daɓensa kuma na gargajiya, na burji da makuba (ruwan ɓawon ɗorawa), wanda mata suka buga da madaɓi tun kafin a haifi mahaifina. Falon tsakiya daga baya aka yi shi, da jan siminti. Barandar da ke kallon tsakar gida ita ce auta, tarazo ce, wato daɓen siminti mai gutsattsarin dutse a ciki, Kawu ya sa aka zuba ta lokacin da yake aikin gwamnati, zamanin da ofis da makaranta da asibiti duk tarazo ake yi musu. Daɓe uku ke nan a gida ɗaya, kuma babu wanda ya taɓa zama ya yi tunanin cewa ba abu ɗaya suke so ba, sai da bikin ƙanwata ya taso.

Bikin cikin hunturu ya faɗo. Saura mako biyu aka kira birkila ya toshe wani rami a bakin ƙofar falo, aka kira mai fenti ya bi bangon baranda. Saura kwana uku ɗan Kawu ya dawo daga kasuwa da babban gwangwanin jan folish, wato man goge daɓe, irin mai kauri kamar man shanu da ya daskare, ya tara yaran gida ya raba musu tsumma. Umarni ɗaya ya ba su: ko'ina a shafa, kuma kada a yi rowa. Ba zan kama sunan kamfanin da ya yi man ba, domin shi bai yi laifin komai ba. Abin da aka yi shi dominsa shi ya yi.

Abin da ke cikin gwangwanin

Irin wannan folish abu uku ne aka haɗa: kaki, da ruwan da ke narkar da shi, da launi. Ruwan dangin kananzir ne, shi ya sa warinsa ke bugun hanci da an buɗe murfi. Aikinsa ya sassauta kakin har ya shafu, sa'an nan ya bi iska ya bar kakin kwance a ƙasa. Launin kuwa jan garin tsatsar ƙarfe ne, wanda magina ke zuba wa siminti in ana son jan daɓe.

Kakin shi ne abin dubawa, don ba iri ɗaya ba ne. Akwai farafin, wanda ake samu wajen tace ɗanyen mai, shi ne jikin kyandir. Yana da araha, kuma yana narkewa tsakanin digiri 46 da 68 a ma'aunin Salshiyos, gwargwadon irinsa. Akwai kakin zuma, mai narkewa a digiri 62 zuwa 64, yana shafuwa da daɗi amma yana da ɗan danƙo. Sai karnauba, wanda sai zafi ya kai digiri 82 zuwa 86 yake narkewa. Daga ganyen wata bishiya mai kama da giginya ake samunsa a arewa maso gabashin Brazil, musamman jihohin Piauí da Ceará: a sare ganyen da rani, a shanya, a bubbuge har farin garin da ke jikinsa ya zubo, a narkar. Shi ke ba folish tauri da ƙyalli mai daɗewa. Darajarsa ta kai a 1935 shugaban kamfanin S.C. Johnson na Amurka, kamfanin da ya fara a 1886 da sayar da katakon daɓe kafin ya koma yin man goge shi, ya hau ƙaramin jirgin sama da kansa har birnin Fortaleza don ya ga inda bishiyar ke fitowa. Shi kaɗai karnauba ya cika tauri, farfashewa yake yi, don haka sai an haɗa shi da masu laushi. Gwangwani mai araha farafin ya fi yawa a cikinsa.

Abin da ɗan Kawu bai sani ba, ni ma a lokacin ban sani ba, shi ne kaki ba ya rikiɗa. Fenti in ya bushe ya zama wani abu dabam, ba ya komawa ruwa. Kaki kuwa ko ya shekara goma a ƙasa kaki ne: zafi zai sassauta shi, kananzir zai narkar da shi. Ƙyallinsa kuma ba daga yawa yake zuwa ba, daga gogewa ne. A shafa kaɗan-kaɗan, a bari ruwan ya tashi, a murje da burushi ko busasshen tsumma har ya yi sumul. In aka labta shi da kauri, saman ya bushe ya rufe na ƙasa, sai ya zauna da laushi yana kama duk abin da ya taɓa shi.

A falo babu wani dogon labari. Jan siminti da jan folish tun asali abokan tafiya ne. Wannan daɓe ya shekara da shekaru yana shan man, ƙananan ramukansa sun cika, kuma Inna da kanta ta tsaya a kan yaran sai da suka murje shi. Ya fito kamar sabon tasa. Wuri ɗaya ne ya ƙi, wato facin da birkila ya yi a bakin ƙofa. Kwana biyu da shafawa sai ya yi fari-fari kamar an barbaɗa gishiri a ƙarƙashin man. Siminti na neman kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake auna shi da shi, bushewa kuwa takan wuce haka. Na kwana goma sha ɗaya har yanzu ruwa yake fitarwa, ruwan kuma yana ɗauko farin gishirin da ke cikin siminti ya ajiye a sama. Da ba a rufe shi ba da tsintsiya ta kwashe. Da aka rufe sai ya maƙale. Darduma aka shimfiɗa a wurin, biki ya wuce.

Baranda

Nan ne aka yi ɓarnar, kuma tun kafin a buɗe gwangwani aka fara ta. Da mai fenti ya gama, ya bar ɗige-ɗigen fenti da na siminti a kan tarazo. Yaronsa ya kawo asid a jarka, irin wanda masu sa tayil ke wanke aikinsu da shi, ya kwarara. Ƙasa ta hau kumfa tana tsuwwa. Muna tsaye muna kallo, yaron yana cewa, "Kun gani ko, Yaya, dattin ne ke fita."

Ba datti ba ne, daɓen ne da kansa ke narkewa. Tarazo gutsattsarin dutsen mabul ne aka cuɗa da siminti, aka zuba tsakanin siraran layukan tagulla ko gilashi ko roba, aka goge har fuskar duwatsun ta fito. Daga ƙasar Italiya sana'ar ta samo asali, wajen birnin Venice, inda ma'aikata ke tattara ragowar mabul su yi daɓe da shi. Shi kuwa mabul jikinsa ɗaya da alli da ɓawon ƙwai. Duk abu mai tsami yana cin sa, ko lemun tsami aka matsa a kai aka bari sai ya bar tabo. Kumfar da muka gani iska ce ke fita yayin da dutsen ke narkewa. Abin takaici, asid ba ya ko taɓa fentin mai. Ɗige-ɗigen suna nan daram, sai da aka kankare su da reza. Garin gyaran gira aka rasa ido: sumul ɗin da tarazon ya tara na shekaru ya tafi cikin minti goma, fuskarsa ta yi gautsi, ramukan siminti suka buɗe baki.

A kan wannan aka zo aka labta jan folish. Tarazon fari ne mai ɗigon baƙi da kore. Launin ya nutse cikin ramukan da asid ya buɗe, ya mai da farin ya koma kamar ruwan zoɓo da aka tsinka. Yaran da aka ba baranda kuma suka gaji, magariba ta yi, babu wanda ya murje. Da dare hazo ya sauko. Wanda ya san ƙurar hunturu ya san ta fi garin tuwo laushi, kuma ba ta neman ƙofa. Kashegari baranda ta wayi gari da wani irin launi, ba ja ba, ba toka ba, in ka taka sai sawunka ya fito.

Ranar wuni da asuba Gwaggo ta yi alwala a tsakar gida, ta tako baranda da jiƙaƙƙen silifas. Taku na biyu ƙafa ta tafi. Ta kai hannu za ta dafa ƙasa, tsintsiyar hannun ta karye. A asibiti ta yi wunin bikin 'yar ɗan'uwanta.

Na daɗe ina juya wannan faɗuwa a raina, domin da farko kowa cewa ya yi folish ke da santsi, shi ke nan. Maganar ba ta tsaya nan ba. Falo ma an shafa masa, kuma mutane sun fi ɗari sun taka shi ranar, babu wanda ya zame. Kakin da aka shafa siriri aka murje, in yana bushe, yakan riƙe ƙafa daidai gwargwado. A Amurka akwai ma'aunin da masu yin man daɓe ke bi, ASTM D2047, wanda ya ce sai ƙarfin riƙon ya kai 0.5 kafin a kira mai da sunan marar santsi. Amma a busasshen daɓe ake yin gwajin. Ko da gwangwani ya zo da rubutun cewa ba ya santsi, ba maganar jiƙaƙƙen wuri yake ba. Kaki ba ya shan ruwa. Tsohon tarazon kan tsotse 'yar lemar da ke tafin takalmi, amma a kan kaki ruwan zama yake yi tsakanin roba da ƙasa, ya haɗu da ƙurar da ke sama su zama kamar kunu. Ƙarƙashin kunun kuma ga kaki mai laushi da shi kansa yake motsi. A ganina babban kuskuren shi ne kai kaki wurin da ruwa ke zuwa. Baranda tsakaninta da inda ake ajiye butoci taku biyar ne. Ko da an murje ta kamar falo, ranar da za ta kayar da wani tana nan tafe.

Bayan biki aka shiga gyare-gyaren da suka ƙara dagula lamarin. Wata maƙwabciya ta ba da shawara a riƙa ɗiga kananzir a ruwan goge ƙasa, dabarar da gidaje da yawa ke yi don ƙyalli da korar ƙwari. Ƙyallin ya zo na awa ɗaya. Kananzir narkar da kakin yake ya sake shimfiɗa shi, ya bar maiƙo, ga wari, ga murhu a tsakar gida. Inna ta hana. Da bazara ta shigo, rana na dukan gefen baranda kai tsaye daga azahar, daɓen da rana ke duka kuwa ya fi iskar da ke kansa zafi nesa ba kusa ba. Farafin ba sai ya narke yake sakin jiki ba. Tabarmar roba da aka shimfiɗa a wurin sai da aka ɓamɓaro ta, zanenta ya zauna a ƙasa.

Wani kuma ya kawo maganar folish na ruwa, fari kamar madara, wanda ake shafawa ya bushe da ƙyallinsa ba sai an murje ba. Wannan ba kaki ne jigonsa ba, ƙananan ƙwayoyin roba ne a cikin ruwa, in ruwan ya tashi sai su haɗe su zama siririyar fata. Asibitoci da manyan kantuna shi suke sa wa daɓen roba. Amma ba ya kama jikin kaki, ɓarewa zai yi, kuma ruwa in ya kwana a kansa fari yake yi. Cire shi sai da ruwan wanki mai amoniya, abin da bai kamata ya shiga gidan da ake wanke ƙasa da bilic ba, don haɗuwarsu iska mai guba take fitarwa. Haka ma asid da bilic. Jarkar asid ɗin nan da yaron mai fenti ya bari ta yi wata biyu a bayan gida kusa da robar bilic kafin wani ya lura.

Ƙarshe dai masu tarazo aka kira, kuma da ƙyar aka samu, don yawancinsu sun koma tayil. Dattijon da ya zo ya durƙusa ya kankari ƙasa da farce, ya dubi Kawu ya ce, "Alhaji, wa ya yi mata wannan aika-aika?" Sai da suka wanke kakin tas kafin su kunna inji, domin kaki toshe dutsen guga yake yi. Daga nan suka bi da ruwa da duwatsu, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har suka cinye saman da ya sha launi. Suka cike ramuka da ruwan farin siminti, suka bar shi kwanaki, suka dawo suka sake bi. Abin da ya burge ni shi ne inda ya tsaya. Ɗan Kawu na son a ci gaba har ta zama madubi, dattijon ya ƙi, ya ce wurin da feshin ruwan sama ke shiga ba a kai shi can. Ya sa mata ruwan kariya irin mai nutsewa cikin dutse ba tare da ya bar fata a sama ba. Kusurwoyin da inji bai kai ba har yau da sauran ja a cikinsu.

Ɗakin Kaka

Wannan ne ya fi daɗewa bai nuna kansa ba. Kaka tun farko ta ƙi. "Ku bar mini ɗakina yadda yake, 'ya'yan nan," ta ce. Amma a nan aka shirya saukar da baƙi mata, aka lallaɓa ta ta koma ɗakin Inna na mako guda. Da aka shafa man, daɓen ya sha shi ba daidai ba. Inda ƙafa ta goge makuba ya tsotse ya yi ja, inda makuba ke da ƙarfi ya zauna a sama yana naso. Abin ya yi muni, sai aka sayo ledar ɗaki aka rufe, daga bango zuwa bango. Kowa ya ce ɗakin ya yi kyau. Bayan biki ba a cire ba.

Cikin watan Agusta, ruwa na tsakiyar zuba, Kaka ta fara ƙorafin wari. Da aka ɗaga ledar, ƙarƙashinta jiƙe yake sharkaf. Fumfuna ta yi fari, gefen bango ya yi laushi har yatsa na nutsewa, gara ta ja hanyoyinta.

Daɓen gargajiya a kan ƙasa yake zaune kai tsaye, babu abin da ya raba shi da lemar da ke tasowa da damina. Abin da ya riƙe shi shekaru shi ne lemar na ratsa shi ta fita ta bi iska. Makuba ba ta toshe wannan hanya. Ita ɓawon 'ya'yan ɗorawa ce, abin da ke saura in an cire garin an ware kalwa don daddawa. In aka daka aka jiƙa, ruwan kan yi ja-ja, cike da sinadari mai bauri irin na bagaruwa da majema ke jima da shi. Burji da marmara kuwa jansu na ƙarfe ne. Baurin in ya gamu da ƙarfe baƙi yake yi, kamar yadda dukawa ke shafa kuloko a jemammiyar fata ta koma baƙa. Shi ya sa tsohon daɓe ke duhu yana sheƙi. Yana korar ɗigon ruwan da ya zuba a kai, amma yana barin tururi ya wuce.

Masu sa daɓe a ƙasashen waje suna da wani gwaji mai sauƙi kafin su rufe siminti da wani abu: a manna leda mai faɗin kusan santimita 45 kowane gefe, a bar ta aƙalla awa 16, in ta yi gumi to akwai lema, kada a rufe. Mu mun yi wannan gwaji a ɗaki guda cur, na wata bakwai.

In za a yi adalci, a nan leda ta fi folish laifi. Ba haramun ba ne a sa wa daɓen ƙasa mai. A Ruwanda akwai wani kamfani, EarthEnable, da tun 2014 suke yi wa gidajen karkara daɓen ƙasa suna rufe shi da wani mai da ke bushewa ya yi tauri, har a iya wanke shi da ruwa. Amma nasu man na tsiro ne mai sandarewa a cikin ƙasar, kuma tun daga ƙasa suke tsara daɓen da tsakuwa don shi. Ɓarnar jan folish a ɗakin Kaka sai wajen gyara ta bayyana. Daɓen makuba ana sabunta shi ne da yayyafa sabon ruwan makuba a sake bugawa. Da aka gwada, duk inda kaki ya nutse ruwan ƙin shiga ya yi, ya taru ɗigo-ɗigo yana gangarewa. Dole aka kankare saman daɓen kusan kaurin yatsa biyu, aikin da hannun kakannin kakanni ya bari, aka kwashe a kwando aka zubar.

Sai da aka jira bazara ɗorawa ta nuna kafin a sami ɓawo. Samun masu bugawa ya fi samun ɓawon wuya. A unguwarmu babu macen da ba ta kai sittin ba da ta taɓa riƙe madaɓi, su kansu madaɓan sai da aka sa masassaƙi ya yi sababbi. Wata dattijuwa daga ƙauyen dangin Kaka ta zo da mata huɗu. Suka baza burji, suka yayyafa ruwa, suka jera a durƙushe suna bugu tare suna waƙa, a bar shi ya sha iska a dawo, kwana uku, sa'an nan makuba ta biyo baya. Kaka na zaune bakin ƙofa a kan kujera 'yar tsugune tana gyara musu baitin da suka manta.

Kawu har yanzu yana kan bakansa cewa a fasa duka uku a sa tayil a huta, kuma ba zan ce ba shi da hujja ba, don masu gyaran biyu daga cikin ukun ƙarewa suke yi. Kaka ta ce a jira ta mutu. Gwaggo hannu ya warke, sai dai in sanyi ya shigo yana yi mata tsami, kuma in ta zo gidan ta ƙofar kicin take zagayawa. Ragowar gwangwanin yana kan kanta a falo. Inna ta sa jikanta ya manna masa takarda ya rubuta da manyan baƙaƙe: na falo ne kaɗai.